Ra'ayinmu: Bindiga a ƙugu ba za ta tsare jarin ɗan kasuwa ba

Duk lokacin da labari ya zo cewa an tare wani ɗan kasuwa a hanyar Abijan an ƙwace masa jari, magana ɗaya ce ke tasowa a rumfunan Jibiya, Ɗan Isa, Illela da Birnin Ƙonni, har zuwa shagunan 'yan uwanmu da ke Adjame da Treichville: ai da yana da ƙaramar bindiga a ƙugu da ba a yi masa haka ba. A da hirar ba ta wuce bakin rumfa. Yanzu wayar salula ta ƙara mata ƙarfi, domin matasa na kallon hotunan bidiyo daga Amurka inda ake tallar wani irin kube na fata ko na roba da ake maƙalawa ta cikin wando, a soke fistol a ciki, a saki riga ta rufe, mutum ya shiga jama'a ba wanda ya san abin da yake ɗauke da shi.

Matsayin wannan jarida a fili yake. Ɗan kasuwar da ya soke bindiga a ƙugu ya shiga kasuwar Adjame ko ya nufi kan iyaka ya jefa jarinsa da 'yancinsa da ransa cikin haɗarin da ya fi wanda yake gudu, ya kuma jawo wa dubban 'yan uwansa baƙi abin da ba su ji ba, ba su gani ba.

Ba mu raina tsoron da ke haifar da wannan tunani ba. Takardar kuɗi mafi girma a sefa ita ce ta 10,000. Ke nan mai albasar Galmi ko mai shanu da ya yi cinikin miliyan goma yana ɗauke da takarda dubu cur, ƙunshin da ba ya ɓoyuwa a aljihu. Wanda ya je sarin goro a Anyama ko atamfa a Treichville shi ma haka yake tafe da jarinsa, wani lokaci har da na mutum biyar da suka ba shi saƙo. Adjame kuwa ita ce mahaɗar Abijan: ga babbar tashar mota, ga kasuwar Forum, ga kasuwar Gouro, ga titin Nangui Abrogoua da ba ka iya miƙa hannu ba ka taɓa wani ba. Bayan rikicin 2011 gungun yaran nan da ake kira mikrob suka ɓullo daga Abobo, suka riƙa afka wa jama'a da adduna da wuƙaƙe har cikin Adjame da Attecoube. A tashoshi akwai 'yan ƙwadagon da ake kira nyambro masu karɓar kuɗi da ƙarfin tsiya, a hanyoyin arewa kuma an sha fama da 'yan fashi masu tare motoci. Wanda ya taɓa ganin an wawushe gumin shekara goma cikin minti biyu ba za a ce masa matsoraci ba don ya yi tunanin makami.

Kuma samun makamin bai zama abu mai wuya ba, abin da ya ƙara wa lamarin muni ke nan. Kodebuwa ta ga juyin mulki a Disambar 1999, tawaye ya raba ta biyu daga 19 ga Satumbar 2002, sannan rikicin bayan zaɓen 2010 ya ci rayuka kimanin 3,000. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasar takunkumin sayen makamai a 2004, ba a ɗage shi ba sai 2016. An ƙona bindigogi a bainar jama'a a Bouake ranar 30 ga Yulin 2007, hukumar ADDR ta yi aikin karɓar makamai daga tsofaffin mayaƙa tsakanin 2012 da 2015, amma duk da haka lokacin boren sojoji na watan Mayun 2017 sai ga rumbun makamai an bankaɗo a wani gida a Bouake. Cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan ɗaya a hannun farar hula a Kodebuwa, sama da miliyan shida kuma a Nijeriya, mafi yawansu ba rajista. Fistol ɗin da wani zai kira ka bayan shago ya nuna maka a naɗe cikin tsumma daga irin wannan tari ta fito. Ba ka san ko wa aka kashe da ita ba, amma ranar da aka kama ta a jikinka kai ne za ka amsa tambayar.

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne doka. A Kodebuwa akwai dokar Disambar 1998 da ta tanadi hukunci kan laifukan da suka shafi makamai da harsasai, da kuma dokar zartarwa ta Fabrairun 1999 da ta tsara wanda zai mallaka da yadda zai mallaka. Ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma a rubuce, kuma a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Faransa, ajiye makami a gida daban, yawo da shi a jiki daban. A Nijeriya abin ya fi tsanani. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, aji ɗaya da bindigogin soja, ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ba lasisi. Alƙali ba zai tambaye ka ko albasa kake sayarwa ba.

Abu na biyu shi ne iyaka, kuma nan ne maganar ta fi shafar masu karatunmu. Lasisin bindiga ba fasfo ba ne, a bakin iyakar ƙasar da ta ba da shi yake mutuwa. Wanda ya taso daga Legas ta bakin teku zai ratsa Seme, Hilakondji, Aflao da Elubo kafin ya taka Noe: ƙasa biyar, iyaka huɗu, kowace da 'yan sandanta da kwastan ɗinta. Wanda ya biyo ta arewa daga Maraɗi zai bi Yamai, Wagadugu, Bobo, Ferke da Bouake, hanyar da ta ratsa yankunan da sojoji ke fafatawa da 'yan ta'adda. Tun bayan harin Grand-Bassam na 13 ga Maris 2016 da ya kashe mutum 19, da harin Kafolo na Yunin 2020 da ya hallaka jami'an tsaro 14, jandarman Kodebuwa ba ya kallon baƙon da ya fito daga Sahel da makami a ɓoye a matsayin mai tsaron jarinsa. Tuhumar ta'addanci ce za ta fara zuwa masa a rai, kuma wanke kai daga irin wannan tuhuma na iya cin shekaru a gidan kaso, shago a rufe, iyali a watse.

Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006 ta kuma fara aiki a 2009, ta hana ƙetare iyaka da makami sai da izini na musamman, ta kuma wajabta wa baƙo ya bayyana makaminsa ya karɓi takarda kafin ya shiga da shi. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ba ta sassauta komai ba, domin kowace ƙasa na da dokarta. Sannan kowa ya san halin shingen hanya. Wanda ake tatsar sefa dubu biyu a wurinsa don takardar rigakafi, nawa za a nema a hannunsa ranar da aka laluba ƙugunsa aka ji ƙarfe? A ranar jarin da ya sayi bindiga don ya tsare shi ne zai zama kuɗin fansa.

Abu na uku shi ne jikin mai ɗauke da ita. Masu tallar kuben nan ba sa gaya wa matasanmu cewa an ƙera shi ne don mai wandon bature da ɗamara mai kauri. Wandon zariya ba ya riƙe nauyin fistol mai cike da harsashi. Ɗan kasuwa kuma ba a tsaye yake wuni ba: zai tsuguna ya ƙirga buhu, ya sunkuya ya ɗaga dila, ya hau bayan babbar mota, ya matsu cikin gbaka, ya kewaya, ya yi alwala, ya yi ruku'u da sujada sau da yawa a rana. A duk wannan motsi bakin bindigar na kallon cinyarsa ne ko mararsa. A cinya akwai babbar jijiyar jini wadda idan harsashi ya tsinka ta mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, tun kafin a samu motar da za ta ratsa cunkoson Adjame zuwa asibitin koyarwa na Treichville. Fistol na zamani da yawa ba su da makullin hannu, zaren riga ko bakin zariya ya shiga wurin kunama ya isa. Ƙirar maƙera kuwa ba a ma maganarta, wani lokaci faɗuwa kawai za ta yi ta tashi. Ga zafi da gumin Abijan da ke cin ƙarfe, ranar da ake buƙatarta ta ƙi tashi, ranar da ba a buƙata ta tashi da kanta.

Ko a Amurkar da ake kwaikwayo abin ya faru da manya. A Nuwambar 2008 wani shahararren ɗan wasa, Plaxico Burress, ya shiga gidan rawa a New York da fistol soke a ƙugu. Ta zame, ya kai hannu zai tare ta, ya harbi cinyarsa. Da ya warke kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu, domin ba shi da lasisin riƙe ta a jihar. Mai miliyoyin daloli da manyan lauyoyi ke nan a ƙasar haihuwarsa, balle baƙo mai tebur a Adjame.

Abu na huɗu, mu ɗauka komai ya tafi daidai har ranar da ɓarayi suka zo. Ɓarawo shi ke zaɓen lokaci da wuri, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Tun 1983 wani jami'in 'yan sandan Amurka mai suna Dennis Tueller ya nuna cewa mai wuƙa na iya cin tazarar kimanin mita shida da rabi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wato daidai lokacin da horarren ɗan sanda ke buƙata ya zaro bindiga daga kuben da ke a fili ya harba. To ina wanda zai fara yaye babbar riga, ya ɗaga 'yar ciki, sannan ya laluba? A layukan kasuwar Forum ba mita shida tsakaninka da kowa. Kafin hannunka ya kai ƙugu an riƙe shi, kuma ɓarawon da ya zo neman kuɗi ya samu ƙarin bindiga kyauta, wadda gobe zai tare wani ɗan uwanka da ita. Idan kuwa ka samu ka harba, harsashi ba ya tantance ɓarawo da mai tallar aceke, ko yaron da ke goye a bayan uwarsa. Malamai sun daɗe suna karantar da mu umarnin Manzon Allah (SAW) cewa mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani. Idan an yi wannan kashedi a kan kibiya, me za a ce da abin da ke huda mutum ya wuce ya samu na bayansa?

Alƙaluman ƙasar da ta fi kowa gwada wannan hanya ma ba su goyi bayanta ba. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wani bincike da masanan Jami'ar Pennsylvania suka wallafa a 2009 kan birnin Philadelphia ya gano cewa waɗanda ke ɗauke da bindiga lokacin da aka kai musu hari sun fi marasa ita yiwuwar a harbe su har ninki huɗu da rabi. Masana na muhawara kan dalili, amma mu a kasuwa mun san ɗaya daga ciki. Makami na ƙara wa mutum zafin kai. Rigimar bashi, ko ta wurin ajiye kaya, ko ta canjin da bai cika ba, wadda da za ta ƙare da cacar baki dattawa su raba, sai ta ƙare da gawa.

Abu na biyar shi ne wanda ya fi damun mu, domin ya wuce mutum ɗaya. Hausawa sun yi shekaru aru-aru suna cin abinci a ƙasar nan da sunan kirki. Abincin da ya fi kowane farin jini a titunan Abijan, aceke da soyayyen kifi, sunan Bahaushe yake amsawa, wato garba, saboda 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi. Amma baƙo raɓa ne, kuma tarihi ya nuna yadda zargin makami ke zama hujjar far wa baƙi. Bayan harin da aka kai barikin jandarmomi na Agban a Satumbar 2002, an rusa tare da ƙona unguwannin talakawa da ke kewaye, inda baƙi suka fi yawa, da sunan 'yan tawaye na ɓuya a ciki. A 2011 an kashe 'yan Afirka ta Yamma da dama a shingayen 'yan banga bisa zargin suna taimakon ɓangare guda. A watan Mayun 2021 hoton bidiyo ɗaya na ƙarya, da aka ce wai 'yan Nijar ne ke dukan 'yan Kodebuwa, ya isa a far wa 'yan Nijar a unguwanni da dama na Abijan, aka rasa rai, aka jikkata mutane, aka wawushe shaguna. Kotu ta ɗaure wadda ta yaɗa shi shekara biyar, amma wanda ya mutu ya mutu. Idan ƙarya ta yi wannan ɓarna, a yi tunanin ranar da za a ɗauki hoton gaskiya na Bahaushe riƙe da fistol a tsakiyar Adjame, ga wani ɗan ƙasa kwance cikin jini. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Wasu za su ce ai kakanninmu fatake da makami suka yi safarar goro zuwa Gwanja. Gaskiya ne, ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Salaga yana tafe da kwari da baka da masu da takubba. Sai dai makaman nan a fili suke, na ayari ne baki ɗaya, ƙarƙashin umarnin madugu, a dajin da ba hukuma. Kuma ƙarfin madugu ya fi dogara ga sanin hanya, da biyan fito, da ƙulla amana da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu. Da an isa zango, fatoma ne ke karɓar baƙo, ya adana masa kaya da kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Alhassan Ɗantata, wanda ya san hanyar goro ciki da waje, da zamani ya canza sai ya koma ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Legas, kuma da aka buɗe banki a Kano a 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin ya ajiye. Gadon da fatake suka bar mana ke nan: raba kanka da kuɗin a hanya, ka kuma tafi cikin jama'a.

Yau hanyar yin haka ta fi sauƙi. Nijar, Burkina Faso, Benin, Togo da Kodebuwa duk sefa ɗaya suke kashewa ƙarƙashin babban banki ɗaya. Tun 2008 aka fara aika kuɗi ta waya a Kodebuwa, ga Orange Money, MTN, Moov da Wave, ga bankuna masu rassa a ƙasashe da yawa, ga kamfanonin aika kuɗi da 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram suka saba da su. Ladan aikawa na da ciwo, mun sani, amma a auna shi da kuɗin lauya ko na likkafani. Wanda dole ta sa ya ɗauki tsaba, kada ya tara ta wuri ɗaya, kada ya ƙirga a bainar jama'a, kada ya sanar da ranar tafiyarsa a hira, kada kuma ya sauka tasha da tsakar dare ba wanda zai tarbe shi. Sau da yawa ɓarawo da labari yake zuwa, kuma labarin daga bakinmu yake fita. Idan kuma ƙaddara ta faɗa aka ritsa ka, miƙa. Jari na dawowa, masu gida da abokan ciniki sun sha tayar da wanda ya faɗi.

Muna kira ga sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa, 'yan goro, mahauta da masu shanu na Adjame, Treichville da sauran unguwannin Abijan da su fito fili su haramta wa mambobinsu yawo da bindiga, su kafa asusun tallafa wa wanda aka yi wa fashi, su haɗa kuɗi su ɗauki masu gadi daga kamfanoni masu rajista, su sa fitilu da kyamarori a layukansu, su kuma naɗa wakilan da za su riƙa zama da kwamishinonin 'yan sandan unguwa. Wanda ya riga ya mallaki makami ba bisa ƙa'ida ba, shugabanni su nemi shawarar lauya da hukumar yaƙi da bazuwar ƙananan makamai ta ƙasa, wadda aka kafa tun 2009, kan yadda zai rabu da shi lafiya. Kada a jefa a kwata, kada kuma a sayar wa wani.

Hukumomin Kodebuwa su ma da nasu nauyin. Gwamnati ta kafa rundunar CCDO a 2013 don tsaron Abijan, to a ga tasirin irin wannan runduna a tashoshi da bakin kasuwanni a lokutan da 'yan kasuwa ke sauka da tashi. Baƙon da ya kai ƙarar fashi a saurare shi kamar kowa, kada a mai da shi abin tuhuma ko saniyar tatsa, domin wanda ya fid da rai da ofishin 'yan sanda shi ke zuwa wurin dillalin makami. Ofisoshin jakadancin Nijeriya da Nijar a Abijan su riƙa wayar da kan 'yan ƙasarsu da harshen da suke ji, su kuma tsaya musu idan an zalunce su. Bankuna da kamfanonin waya su rage lada, su sauƙaƙa wa wanda bai yi boko ba buɗe asusu, musamman tsakanin naira da sefa inda har yanzu tsaba ke mulki.

Ga matasanmu da hotunan bidiyo ke burgewa, masu tallar nan kayansu suke sayarwa, kuma ba za su raka ku kotun Plateau ko gidan yarin Yopougon ba. Iyayenku sun gina sunan da ya sa ake ba Bahaushe kayan miliyoyi bashi a Treichville ba tare da takarda ba. Kada garin neman gira a rasa ido. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya tsare matafiya, Ya sa albarka a kasuwa.